Kan sarkin Jamus na 1984 a cikin adakar Baba: da gaske garin nan ya kai shekara 2000?

Ɗan_Fagge
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wanda ya san harkar kan sarki ya taimaka min. Jiya muna gyaran ɗakin Baba, Allah Ya jiƙansa, muka buɗe adakarsa wadda tun muna yara ba a bari mu taɓa, can ƙasan takardun fili da tsofaffin rasiɗai sai na ci karo da ambulan mai ratsin ja da shuɗi a gefe, wasiƙar da Baffana ya aiko masa ce lokacin yana karatu a Jamus. Kan sarki uku ne a jiki, biyu iri ɗaya, hoton wani ƙaton gini na dutse mai tagogi hawa-hawa da ƙofa biyu a ƙasa. Na ga an rubuta 2000 Jahre da Trier, sai Deutsche Bundespost da lamba 80. Hatimin gidan waya ya nuna 1984. Tambayata biyu ce. Wai wannan 2000 ɗin shekarun garin ake nufi, kuma da gaske akwai gari a Jamus da ya kai haka? Na biyu, ƙanena ya dage wai in ɓamɓare su mu sayar tunda tsohon abu ne zai yi kuɗi, ni kuma raina bai kwanta ba.

MamanIlham
Wa'alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba Ya sa ya huta. Ni dai ban san komai a kan Jamus ba amma dan Allah kar ka ɓamɓare, jira masana su zo tukuna.

Malam_Tarihi
Allah Ya gafarta masa. Eh, Jahre shekaru ke nan da Jamusanci. Gidan wayar Jamus ta Yamma, wato Deutsche Bundespost ɗin da ka gani, shi ne ya fitar da wannan kan sarkin a 1984 don bikin cikar birnin Trier shekara 2000 da kafuwa. Ginin da ka gani sunansa Porta Nigra, da Latin ma'anarsa Baƙar Ƙofa, ƙofar gari ce da Rumawa suka gina. Su ne suka kafa garin zamanin Sarki Augustus, suka sa masa suna Augusta Treverorum, wato birnin Augustus a ƙasar Treveri, ƙabilar da suka tarar a wurin. Shekara 16 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ake cewa, ka haɗa da 1984 ka ga ya ba ka 2000 cif.

Baƙon_Mosel
Ikon Allah, wlh ina buɗe waya na ga hoton sai da na yi murmushi. Ɗan_Fagge a garin nan nake zaune shekara ta huɗu ke nan, kusan kullum sai na wuce ta gaban ƙofar nan in zan shiga kasuwa. Trier tana bakin kogin Mosel a jihar Rhineland-Palatinate, dab da iyakar Luksamburg, mutanen garin dubu ɗari da 'yan kai ne, ba wani babban birni ba ne yanzu. Amma ƙofar in ka tsaya a gindinta sai ka ɗaga kai sosai, tsayinta ya kusa mita 30. Abin da ya fi ba ni mamaki ranar da na fara zuwa shi ne ba siminti ba laka a tsakanin duwatsun, sassaƙa su aka yi aka ɗora wani kan wani aka ɗaure da ƙarfe, wasu duwatsun nauyinsu ya kai tan shida. In ka matso kusa za ka ga ramuka-ramuka a jiki kamar an ƙwaƙule, na sa hannuna a ciki ma, ashe mutanen baya ne suka riƙa haƙa suna zare ƙarfen suna amfani da shi. Kuma asalin dutsen ba baƙi ba ne, ruwan toka ne mai haske, daɗewa da ruwa da iska ne suka rina shi har sunan ya bi ta.

Akanta_Gusau
Malam_Tarihi afuwan, lissafin nan akwai gyara. A kalandar miladiyya babu shekara ta sifiri, daga shekara 1 kafin haihuwa sai a tsallaka 1 bayan haihuwa. Don haka 16 da 1984 in ka haɗa sai ka cire ɗaya, 1999 ke nan. Sai dai in daga 17 aka fara ƙirga.

Malam_Tarihi
Akanta ka yi gaskiya, na karɓi gyara. Kuma abin sha'awa 17 ɗin tana da hujja mai ƙarfi. An tono turakun itace na gadar farko da Rumawa suka kafa a kan Mosel, masana suka ƙirga zobban da ke cikin itacen, tunda kowace shekara bishiya tana ƙara zobe ɗaya, mai kauri in an yi damina mai kyau, siriri in an yi fari. Da aka gwada jerin da na wasu itatuwan da aka san shekarunsu sai ya nuna an sare su tsakanin 18 da 17 kafin haihuwa. To ka ga ko ta 16 ko ta 17 ba su yi nisa da gaskiya ba.

Sadauki99
Ni fa ban yarda da irin wannan ba. Gada daban gari daban. Don an kafa gada ba shi ke nuna an kafa birni a shekarar ba, soja ma suna kafa gada su wuce abinsu. Turawa sun iya tallata kayansu ne kawai.

Baƙon_Mosel
Sadauki maganarka ba ta faɗi ƙasa ba, su kansu Jamusawan suna wannan musun. Worms na cewa ita ce mafi daɗewa, Kempten na cewa ita ce, ga Augsburg ga Kolon kowa da tasa hujjar. Abin da 'yan Trier ke kafa hujja da shi shi ne tasu tun farko birni aka tsara da tituna a miƙe, ba sansanin soja ba ne da ya rikiɗe daga baya. Kuma abin bai tsaya a gada ba, daga baya sarakunan Rum sun zauna a garin, Constantine ya yi mulki daga nan, zauren fadarsa na jan bulo da aka gina wajen shekara ta 310 yana nan a tsaye ana ibada a ciki. Gadar dutsen da ta gaji ta itacen ma har yau motoci na bi ta kai, ginshiƙanta na ƙarni na 2 ne. A 1986 UNESCO ta sa gine-ginen a jerin kayan tarihi na duniya, shekara biyu ke nan bayan kan sarkin Ɗan_Fagge.

Sadauki99
To ita ƙofar da ke jikin kan sarkin ta kai 2000 ɗin?

Baƙon_Mosel
A'a, wannan kam ba ta kai ba. Wajen shekara ta 170 miladiyya aka gina ta, garin ya girme ta da kusan shekara 190. An sa ta ne don ita ce fuskar garin, kowa ya gan ta ya san Trier ce.

Alhaji_MaiAlbam
Yarana sannunku da muhawara. Ɗan_Fagge bari in amsa maka tambaya ta biyu tunda ita aka bari. Na fara tara kan sarki tun ina sakandare, yanzu ina da jikoki, kuma wannan na Trier ina da shi guda huɗu a albam. Gaskiyar da ƙanenka ba zai so ji ba ita ce ba shi da tsada. Irin waɗannan na tunawa Jamus ta Yamma miliyoyi take bugawa, kuma Jamusawa mutane ne masu adana abu, kusan kowane gida akwai wanda ya ajiye. 80 ɗin da ka gani fenik ne, fenik 100 ke yin Mark ɗaya, kuɗin Jamus kafin Yuro, kuma a lokacin fenik 80 shi ne kuɗin aika wasiƙa ta cikin gida, wato kan sarki ne na yau da kullum da kowa ke liƙawa. Wanda aka riga aka buga wa hatimi ko Yuro ɗaya ba zai kai ba a wurin dillalai. Ba tsufa ke sa kan sarki tsada ba ɗana, ƙaranci ne, ko kuskuren bugu, ko wani tarihi na musamman da ke tare da shi. Amma ka saurare ni da kyau. A yadda yake a jikin ambulan, da hatimin garin da aka aiko shi da kwanan wata da adireshin Kano da rubutun hannun Baffanka, ya fi daraja nesa ba kusa ba a kan ka ɓamɓare shi. Masu tara irin wannan suna son ambulan cikakke don shi ke nuna hanyar da wasiƙa ta bi. Da zarar ka cire ka raba shi da labarinsa, kuma ba ya maiduwa.

Ɗan_Fagge
Na gode ƙwarai Baba Alhaji, Allah Ya ƙara girma. Na tura wa ƙanen nawa ya karanta da idonsa. Ya ce wai a intanet ya ga ana sayar da tsofaffin kan sarki miliyoyi.

Alhaji_MaiAlbam
Akwai masu miliyoyin, amma 'yan ƙalilan ne a duniya kuma an san su ɗaya bayan ɗaya. Sannan farashin da mutum ya rubuta yana nema daban, wanda aka saya daban. Ka ce masa ya duba kundin Michel, shi ne littafin da Jamusawa ke duba farashin kan sarki a ciki, zai ga abin da na faɗa.

Ummu_Hanan
Ni abin da ya same ni ke nan wlh har yau in na tuna sai raina ya sosu. Kakana ya bar wasiƙu cike da jaka tun na zamanin Turawa, ina yarinya wani ya ce min jiƙa su ake yi a ruwa kan sarkin ya saki. Na zuba ruwan zafi a roba na tsoma su gaba ɗaya, tawadar ta narke ruwan ya koma shuɗi, rubutun kakan nawa duk ya tafi. Na samu kan sarki kusan talatin amma wasiƙa ko ɗaya ba ta tsira ba, mahaifiyata ta yi kuka ranar. Yaya Ɗan_Fagge ka bar shi yadda ka gan shi dan Allah.

MamanIlham
Allah sarki Ummu, ƙuruciya ce, Allah Ya jiƙan magabata.

Ɗan_Damagaram
Salam. Mu nan Nijar tambur muke cewa, sai da na karanta sau biyu na gane kan sarki. Me ya kawo sarki a ciki bayan hoton ƙofa ne?

Malam_Tarihi
Ɗan_Damagaram ai daga zamanin Ingilishi sunan ya samo asali, lokacin duk wanda ka saya a gidan waya kan Sarkin Ingila ne a jiki, daga baya na Sarauniya Elizabeth. Na farko ma a duniya da aka fitar a Ingila a 1840 kan Sarauniya Victoria ne a kai. Sunan ya zauna ko da hoton ya koma tsuntsu ko gini. Naku kuma daga Faransanci ya shigo.

Ɗan_Damagaram
Madalla na ƙaru. Mahaifina yana cikin masu rubuta wa sashen Hausa na Muryar Jamus wasiƙa, lokacin suna Kolon kafin su koma Bonn a 2003. Ranar da amsa ta zo daga Jamus duk unguwa sai an sani, yana sa ta a aljihun gaban riga ya fita majalisa da ita. Zan je gida in bincika ko akwai mai irin wannan ƙofar a cikin nasa.

Hajiya_Zango
Ɗan_Damagaram ka tuna min da mijina marigayi, nan Kumasi haka yake shi ma, rediyo a kunne biro a hannu. Ni tambayata ga ɗana Baƙon_Mosel, yaya aka yi ƙofar nan ta tsira har yau? Ai na ji an ce yaƙi ya rushe garuruwan Jamus.

Baƙon_Mosel
Hajiya barka da warhaka. Labarin tsirarta tun kafin yaƙin duniya ne da nisa. Ƙofofi huɗu ne a ganuwar garin, ganuwar ta fi kilomita shida, sauran ukun duk mutane sun kwashe duwatsunsu sun yi gini da su bayan daular Rum ta faɗi. Ita ma wannan an fara cin ta. Sai wani mai zuhudu Bagirke sunansa Simeon ya zo ya shiga hasumiyar gabas ya killace kansa a ciki yana ibada har ya rasu a 1035. Don girmama shi aka mayar da ƙofar coci, hawa biyu, ɗaya a kan ɗaya, to ka ga ba mai taɓa dutsen wurin ibada. Haka ta zauna kusan shekara 770 har Napoleon na Faransa ya zo garin a 1804 ya ba da umarni a cire abin da aka ƙara a mayar da ita yadda Rumawa suka bar ta. In kika duba hoton kan sarkin da kyau za ki ga gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma a jikin gajeren akwai wani gini mai lanƙwasa da ya fita daban, ragowar cocin ne da aka bari. A ciki ma har yanzu akwai zane-zanen cocin a bango, ana biyan kuɗi a hau har sama.

Hajiya_Zango
Allah mai iko. Na gode ɗana, Allah Ya dawo da kai gida lafiya.

Kwamared_Tudu
Ba wanda zai faɗi cewa garin Karl Marx ne, uban aƙidar gurguzu? A Trier aka haife shi ranar 5 ga Mayu 1818, gidan da ya taso ma yana kusa da ƙofar nan. A 2018 ƙasar Sin ta ba garin kyautar mutum-mutuminsa na cika shekara 200.

Baƙon_Mosel
Haka ne Kwamared, yana nan a wani fili bayan ƙofar kaɗan, kuma kafin a kafa shi sai da 'yan garin suka yi ta cacar baki a kan a karɓa ko kar a karɓa.

Sadauki99
Na dawo kan maganata. Na ji bayanin gada kuma na yarda Trier tsohon gari ne. Amma har yanzu ina ganin waɗannan bukukuwan zaɓar shekara ake yi kawai.

Malam_Tarihi
Sadauki a wasu garuruwan kam maganarka ta fi ƙarfi. Mainz ta yi nata bikin 2000 tun 1962 har da kan sarki, ta riga Trier da shekara 22, bisa cewa an kafa ta a 38 kafin haihuwa, amma masana yanzu sun fi karkata ga cewa sansanin Rumawa na wurin wajen 13 ko 12 aka kafa shi. Ka ga sun yi gaggawa ke nan. Sannan yawancin garuruwan da ba na Rumawa ba daga ranar da aka fara ambaton sunansu a takarda suke ƙirgawa. Berlin ta yi 750 a 1987 saboda wata takarda ta 1237, alhali kowa ya san akwai mutane a wurin kafin a rubuta ta. Kuma lokacin katanga ta raba garin, Gabas ta yi bikinta da kan sarkinta, Yamma ta yi nata. Su 'yan Trier na da can ma ba su tsaya a 2000 ba, akwai wani jan gida a kasuwar garin da aka rubuta da Latin a jikinsa cewa Trier ta girmi birnin Rum da shekara 1300, wai wani ɗan sarkin Assuriya mai suna Trebeta ne ya kafa ta. Wannan almara ce, kuma da aka tashi buga kan sarki ba a bi ta ba, abin da ƙasa ta nuna aka bi.

Alhaji_MaiAlbam
Bayan Trier an jero su a shekarun nan. Augsburg 1985, Bonn 1989, Speyer 1990, Koblenz 1992, duk 2000. Shafi guda na ware musu a albam ɗina, in ka jera su ka duba taswira za ka ga yawanci a bakin kogin Rhine da Mosel suke, Rhine ɗin kuwa nan Rumawa suka yi iyaka.

Bakano_Asali
Ina karantawa ina tunanin ƙofofinmu. Tarihin Kano ya ce Bagauda ya hau a 999, Sarki Gijimasu ya fara ganuwa a ƙarni na 12, amma je ka duba badala yau, wani wurin an yanka fili wani wurin an kwashe ƙasar an yi bulo. Abin na ci min rai wlh.

Ɗan_Damagaram
Bakano ka tuna fa nasu dutse ne namu ƙasa, ginin ƙasa in ba a yi masa yaɓe duk shekara ba damina ke cinye shi. Masallacin Agadez yana tsaye ne don ana kula da shi.

Bakano_Asali
Na sani, amma ai ka ji Baƙon_Mosel ya ce su ma ƙofa uku sun kwashe, dutse bai hana ba. Wadda aka ga tana da amfani ita ta rage.

MamanIlham
Jama'a mun bar bawan Allah da ambulan a hannu. Baba Alhaji yaya zai adana shi?

Alhaji_MaiAlbam
Yauwa 'yata. Kar ya sa salatif ko gam ko kaɗan, salatif yana barin tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Kar ya kai a manne masa leda da inji irin na shaidar makaranta, wannan kashe takarda ne. Ya samu farar takarda mai tsabta ya naɗe, ya sa a cikin fayil mai tauri a kwance, nesa da rana da danshi, da damina ya riƙa fitowa da shi yana shan iska a inuwa. In zai taɓa kan sarkin ya wanke hannu ya bushe, mu da matsefata mai faɗin baki muke ɗauka saboda maiƙon yatsa da kuma haƙoran gefen, haƙori ɗaya ya cire darajar ta ragu. Adakar da ta riƙe shi shekara arba'in ba laifi, a dai duba tsatsa da gara.

Akanta_Gusau
Tambaya, yanzu in mutum yana da sabo wanda ba a buga wa hatimi ba zai iya aika wasiƙa da shi a Jamus?

Alhaji_MaiAlbam
A'a. Da Yuro ta shigo a 2002 an daina karɓar masu farashin fenik zalla daga ƙarshen watan Yuni na shekarar. Sunan Deutsche Bundespost ma ya tafi tun 1995, yanzu Deutschland kawai ake rubutawa a jiki.

Ɗan_Fagge
Jama'a na gode, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Bayan isha'i na kira Baffa na faɗa masa abin da na tsinta, ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Ya ce shi bai taɓa taka Trier ba, a gidan waya kawai ya ce a ba shi masu hoto don ya san Yayansa na son irin wannan, matar da ke aiki a wurin ta miƙo masa waɗannan. Ya tambaye ni me ya rubuta a ciki, na ce ban karanta ba tunda ba ni aka aiko wa ba. Ya ce in kawo masa ranar Juma'a in karanta masa da bakina don idonsa ya yi rauni. Ƙanen nawa har yanzu yana cewa ko ɗaya a cire tunda biyu ne iri ɗaya, na ce sai abin da Baffa ya ce.

Baƙon_Mosel
Allah Ya ƙara wa Baffa lafiya. Gobe in sha Allah zan tsaya daidai inda hoton ya nuna in ɗauko maka ƙofar ka nuna masa ranar Juma'ar.

Sadauki99
Akanta, to in 17 ce daidai me ya sa ko'ina 16 ake rubutawa? Wannan ba a amsa min ba.

Alhaji_MaiAlbam
Ɗan_Fagge ka ce kan sarki uku ne, biyu kawai muka yi magana a kai. Ɗauko min hoton na ukun da hatimin kusa-kusa, da bayan ambulan ɗin ma, ina so in ga ko gidan wayar Kano ya buga nasa ranar da ta iso.